Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu fassara da masu tura finafinan Koriya da na Sin a Katsina da Daura

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kasuwa tana ci.

'Yan'uwa, wannan takarda ta fito ne daga wasu malaman Hausa da wasu ma'aikatan ɗakin ɗaukar murya a nan Katsina, kuma ba ta zo da neman a rufe wa kowa shago ba. Sana'arku ta riga ta zauna da gindinta. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, daga Babbar Kasuwa har cikin garin Daura, ba a doguwar tafiya ba a ga tebur da kwamfuta da tarin wayoyi suna jiran layi ba. Masu karɓa kuwa matan aure ne da ɗalibai da masu gadi da masu shayi, kuma kusan dukansu ba sa jin Koriyanci ko Sinanci, da yawa ma ba sa iya bin Turancin da ke gudu a ƙasan allo. Abin da bakinku ya faɗa shi ne fim ɗin a wurinsu. In kun ce wane ƙanen wance ne, haka zai zauna a kansu har kashi na 60, a kansa za a yi musu a gidan biki. Mafi yawan ɓarnar da muke ji kuwa kafin a kunna makirfo ake yin ta.

Kusan dukanku daga rubutun Turanci kuke fassara. Abin da ya samu ke nan, amma ku san abin da ya zube a hanya kafin maganar ta iso hannunku. Bature da kalma ɗaya yake kiran namiji da mace da taron jama'a, mu kuwa dole mu zaɓa tsakanin kai da ke da ku. Bakoriye sau da yawa ba ya ma ambaton wanda yake nufi, sai dai a gane daga abin da ya gabata. A Sinanci kuma "shi" da "ita" furuci ɗaya gare su, a rubuce kaɗai suke rabuwa. Shi kansa mai rubuta Turancin yakan kintata, wani lokacin ya kuskure. Hausa ba ta da maɓoya a nan, ko dai "ya tafi" ko "ta tafi". Wanda ya zauna yana karanta layi ɗaya yana fassara shi nan take, bai san wa ake zance ba, zai mayar da gimbiya yarima a minti na goma, ya dawo da ita gimbiya a minti na ashirin.

Inda abin ya fi ciwo shi ne labarin macen da ta yi shigar maza, kuma 'yan Koriya suna son irin wannan labari ƙwarai. A Empress Ki na 2013, mai kashi 51, jarumar ta ɗauki farkon labarin kowa yana yi mata kallon namiji. Haka Deokman a Queen Seondeok na 2009. Mai fassara ya san mace ce, sai ya sa sarki yana ce mata "ke zo nan" tun kashi na biyu. Ranar da asiri ya tonu, sarki ya zare ido, kiɗa ya tashi, ya ja da baya kamar wanda ya taka wuta, mai kallo kuwa yana zaune yana tambayar me ya firgita shi, tunda tun tuni yake ce mata "ke". Ƙa'idar ɗaya ce: jinsin da za ku sa a bakin mutum ya bi abin da shi mai maganar ya sani a wannan lokacin. Wanda bai sani ba ya ce "kai", wanda ya sani ya ce "ke" in suna su biyu, ya koma "kai" a gaban mutane.

Wannan ba ya yiwuwa sai da littafi. Ku sayi littafin rubutu mai ganye 60 ga kowane fim, ku kalli aƙalla kashi goma na farko kafin ku ɗauki murya ko ɗaya, in da hali ku kalle shi duka. Kowane ɗan wasa mai muhimmanci a ba shi shafi: sunayensa, sarautarsa, yadda za a furta sunan, wa ke yi masa murya, me kowa ke kiransa, da kashin da kowane sirri nasa ke fita. A Koriya da Sin sunan dangi ne ke zuwa farko, na yanka ya biyo. Kusan mutum ɗaya cikin biyar a Koriya ta Kudu Kim ne, don haka Kim biyu a ofis ɗaya ba lallai 'yan'uwa ba ne. Mace kuma ba ta ɗaukar sunan miji, saboda haka uwar da sunanta ya bambanta da na ɗanta ba kishiyar uwa ba ce. A finafinan Sin na zamanin da, mutum ɗaya yakan riƙe suna biyu ko uku. Jarumin Nirvana in Fire na 2015 shi ne Mei Changsu, shi ne Su Zhe, shi ne kuma Lin Shu, kuma duk kashi 54 ɗin a kan wa ya gane cewa shi ne Lin Shu suke tafiya. In kun ga sunayen sun yi yawa kuka zaɓi ɗaya kuka liƙa masa ko'ina don sauƙi, kun cire wa ginin ginshiƙi.

Sai kiran juna. Yarinya Bakoriya tana ce wa wanta oppa, yayarta onni. Yaro yana ce wa wansa hyung, yayarsa nuna. Amma oppa ba ta tsaya a wa na jini ba, budurwa tana kiran saurayin da ya girme ta da ita. Turancin yakan ba ku kalmar ɗan'uwa, ku kuma ku ce "ɗan'uwana", kashi uku gaba a ga suna maganar aure, gida ya ɗauki salati. Alhali Hausa tana da abin da ya yi daidai: "Yaya". 'Yan matanmu suna cewa Yaya wane ga wa, ga ɗan baffa, ga wanda ke nema, kuma kowa yana gane wanne ake nufi daga yadda aka ja muryar. Matar da ake kira da sunan ɗanta a can, "Maman wane" ce a nan. Sunbae na makaranta ko ofis siniya ne. A finafinan takobi na Sin, shifu Malam ne, shixiong da shijie kuma manyan almajiran malami ɗaya ne, babu jini a tsakani, don haka "Yaya" ko "babban almajiri" ya wadatar. Sai dai kada son kai kusa ya sa ku kira malamin takobi Alaramma. Wannan kalma ta masu Alƙur'ani ce, a bar musu abinsu.

Koriyanci yana da maganar girmamawa da maganar sa'a da sa'a, kuma sauka daga ɗaya zuwa ɗaya babban al'amari ne a labari: ko dai an shaƙu, ko an raina. Turanci ba ya nuna wannan, sai ku ga mutum ya fusata ba ku san dalili ba. Ku saurari ƙarshen jimla. In kuna jin "yo" ko "nida", ana girmamawa. In sun ɓace, an sauko. A Hausa ku nuna shi da abin da muke da shi: "ranka ya daɗe" da "Malam" da kauce wa ambaton suna a ɓangare guda, kiran suna gatsal a ɗaya ɓangaren.

A maganar fada ne muka fi jin takaici, don a nan ba ku da uzuri ko kaɗan. Wanda ya tashi yana ganin hawan Sallah a ƙofar Gidan Korau, ko ya girma a garin Magajiya Daurama, bai kamata ya rasa kalmar da zai kira mutanen fada da ita ba. Amma sai ka ji fim mai kashi 60 kowa a cikinsa "oga" ne ko "shugaba" ko "mai gadi". Gaisuwar da fadawan Sin ke yi ta fatan shekara dubu goma, "ran sarki ya daɗe" ce, babu ragi babu ƙari. Ɗan da aka naɗa magaji Yarima mai jiran gado ne. Uwar sarki, wadda sau da yawa ta fi sarkin ƙarfi a waɗannan labarai, Hausa tana da Mai Babban Ɗaki. Dattijuwar da ke shiga tsakanin sarki da cikin gida, wadda 'yan Koriya ke kira sanggung, jakadiya ce ko uwar soro. 'Yan matan aiki kuyangi ne. Masu tsaron sarki dogarai ne. Mazan da aka dandaƙe suna hidima a cikin gida babanni ne, kalmar tana nan ko da samarin yanzu ba su saba jin ta ba, kuma in kun faɗe ta sau uku za ta zauna. Babban mai ba da shawara Waziri ne, shugaban mayaƙa sarkin yaƙi ko madawaki, jarumansa barade. Abin kiyayewa kawai shi ne kada ku ɗauko sarautar da ke da mai ita a raye, da sunan garinta, ku ɗora wa maci amanar cikin fim don neman dariya. Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka da Gazobi ba abin wasan sitidiyo ba ne.

Matan sarki kuwa su ne inda aka fi yin kwaɓa. A fadar daular Qing, wadda ta mulki Sin daga 1644 zuwa 1912, matakai takwas ne: huanghou ita ce uwargida, sai huangguifei guda ɗaya, guifei biyu, fei huɗu, pin shida, sannan guiren da changzai da daying waɗanda ba a ƙayyade yawansu ba. Story of Yanxi Palace na 2018, kashi 70, labarin yarinya ce da ta shiga fada tana mai ɗinkin ado ta riƙa hawa wannan tsani mataki-mataki. Kowane ƙarin girma yana sauya wa zai durƙusa wa wa, wa zai zauna wa zai tsaya. In duk kun kira su "matar sarki", mai kallo zai ga mata suna ta kuka da makirci bai san me ake rabawa ba. Ba sai kun samo kalma takwas ba. Ku ce uwargida ga ta sama, ku riƙe sunan matakin yadda yake ga sauran, sannan karon farko da ya fito ku ƙara rabin jimla: "an ɗaga ta zuwa fei, mataki na huɗu". Sa-ɗaka da ƙwarƙwara da mowa da bora duk suna nan suna jiran ku. Sashen da ake jefa wadda sarki ya juya wa baya, wanda Turanci ke kawo muku a matsayin fada mai sanyi, ba ruwansa da hunturu, ɗakin bora ne. Haka a Dong Yi na 2010: matakin da ta kai, wanda ake kira "bin", shi ne ƙololuwar abin da sa-ɗaka ke kaiwa a fadar daular Joson ta Koriya, kuma ɗanta ne ya zama Sarki Yeongjo, wanda ya yi mulki daga 1724 zuwa 1776. Kwanon da sarki ke aika wa mai laifi ya sha bayan ya rusuna ya fuskanci fada, guba ce, kuma a wurinsu sassauci ne ga mai daraja a kan a fille masa kai. Kada ku ce magani.

Lissafi ma yana kayar da mutane. Su da dubu goma-goma suke ƙirga, wan a Sinanci, man a Koriyanci. "Wan goma" na sojoji dubu ɗari ne. In kun ga rundunar da ta cika fili ana cewa mutum goma ko dubu ɗaya, ku koma ku duba. Shichen ɗaya awa biyu ne, li ɗaya wajen rabin kilomita. Shekarun mutum a tsohon lissafin Koriya sukan ɗara namu da ɗaya ko biyu, don jariri da shekara ɗaya yake zuwa, kowa kuma yana ƙara ɗaya a sabuwar shekara. Sai a watan Yunin 2023 hukumarsu ta koma lissafin da muka sani a harkokin doka.

"Ka ci abinci?" a bakinsu sau da yawa gaisuwa ce da nuna kulawa, kamar "ya gajiya" a namu, ko da yake in uwa ce ke faɗa wa ɗanta a bar ta yadda take. Miyar ganyen teku da ake ba mutum ranar zagayowar haihuwarsa ita ce abincin maijego a Koriya, kamar kunun kanwa a wurinmu, shi ya sa maraya ke zubar da hawaye a kan kwanon. Farin awaran da ake miƙa wa wanda ya fito daga kurkuku fatan sabuwar rayuwa ne. Fararen kaya a finafinan zamanin da na makoki ne, ja na biki. Jimla ɗaya ta isa ta bayyana kowanne, in an sa ta inda babu mai magana.

Akwai abin da ba za mu yi masa kwana-kwana ba. Waɗannan mutane ba Musulmi ba ne a labaransu, kuma mayar da su Musulmi da baki ba gyara ba ne. Mutum ya durƙusa gaban gunki yana kunna turare, muryar Hausa kuwa tana cewa "Ya Allah ka taimake ni". Mai aski ƙwal da rigar ruwan ɗorawa yana ambaton Buda, an sa masa salati. Yaron da ke kallo ido da kunne yake haɗawa, kuma abin da ya haɗa ɗin ya fi asalin fim ɗin muni. A finafinan Sin na masu tashi sama, inda ake da sarkin sama da masu rai shekara dubbai da mutuwa a sake dawowa, ku ce "abin bautarsu", ku ce iskoki, ku ce "a tatsuniyarsu". Sunan Allah kada ya hau kan ɗan wasa. Kwalbar nan mai launin kore da ake ta ɗurawa a ƙananan kofuna soju ce, giya ce, kuma naman da aka fi gasawa tare da ita na alade ne. In kun ce lemo da tsire, sai a ga mutum ya sha lemo yana tangaɗi, yarinya kuma ta tashi da burin ɗanɗana abin da ba ta san mene ne ba. Ku faɗi sunan abu, ko ku yanke wurin in ba ya ɗauke da labari.

Gidajen talabijin na Koriya suna sa lambar shekaru a farkon shiri: 7, 12, 15 ko 19. Da yawanku kuna yanke wannan wurin ku sa tallar shago. Ku bar ta, ku kuma rubuta ta a jikin sunan fayil. Squid Game na 2021 na manya ne zalla, amma da yake akwai 'yar tsana da wasannin yara a hotonsa, yara ne suka fi zuwa nema, da wayar uwa a hannu da kuɗin cefane da ya rage. Finafinan Sin ba su da irin wannan lamba, can tacewa ake yi kafin a fitar, kuma abin da tacewarsu ta bari ba lallai ya zama abin da gidan Bahaushe zai bari ba. Nan idonku ne lamba. Ku raba ma'ajiya biyu a kwamfuta, ta iyali da ta manya, yaron shago ya san wacce zai buɗe wa wa.

A farkon fim na tarihi kuma ku faɗa sau ɗaya cewa an cakuɗa tarihi da ƙirƙira. Jumong mai kashi 81 a kan wanda ake cewa ya kafa daular Goguryeo shekara 37 kafin haihuwar Annabi Isa yake, kuma yawancin abin da aka sani game da shi almara ce. Jang Geum ta Jewel in the Palace an ambace ta a kundin tarihin Joson a matsayin likita a zamanin Sarki Jungjong, amma zancen girkinta marubuta ne suka ƙara.

Yanzu sauti. Ɗakin bulo da tayil amsa-kuwwa yake yi, kuma kwalin ƙwai da kuke mannawa ba ya hana komai. Barguna masu kauri a bango, katifa a kusurwa, darduma a ƙasa, sun fi shi nesa ba kusa ba. A kashe fanka, janareta ya yi nisa da bangon ɗakin. A watan Afrilu ba wanda zai jure rufaffen ɗaki awa guda, don haka ku ɗauka minti goma-goma, a buɗe ƙofa a sha iska, muryar ma ba za ta dushe ba. Tsakanin baki da makirfo taƙi ɗaya, da rariya a tsakani, ko da safa ce aka ɗaura a zoben waya, don ta tare iskar "b" da "f". Ma'aunin murya ya riƙa wasa tsakanin -12 da -6. In ya taɓa sifili ya shiga ja muryar ta fashe, kuma babu manhajar da ke ɗinke ta. Ku ɗauka a 48 kHz, ku ajiye a WAV har sai an gama haɗi.

Muryar asali kada a kashe ta ɗungurungum, don da ita kiɗa da ƙarar takobi da takun doki ke tafiya. In kwafin da kuka samu mai sauti 5.1 ne, wato mai layi shida, maganar tana layin tsakiya, ku rage shi kaɗai ku bar sauran. In mai layi biyu ne, ku sauke shi da kamar dB 15 zuwa 18 lokacin da Hausa ke magana, ya dawo a hankali in ta tsaya. Tsohuwar dabarar cire murya ta hanyar kifa layi ɗaya a kan ɗaya tana da tarko: a lasifikar sitidiyo za ku ji komai lafiya, a wayar da ke da sifika ɗaya kuwa layukan biyu su cinye juna, kiɗan ya ɓace. Kafin ku fitar da kowane kashi, ku saurare shi a ƙaramar waya mai arha, don a nan za a kalle shi.

In murya ta fara daidai da baki sannan ta riƙa zamewa, matsalar adadin hotuna a daƙiƙa ce. Kun ɗauki murya a kan kwafi mai 23.976, kuka ɗora ta a kan wanda aka ƙara wa gudu zuwa 25. Bambancin ya ɗan haura huɗu cikin ɗari, a kashi mai minti 45 ya kusa minti biyu: an riga an soke mutum ya faɗi, sannan a ji yana cewa "kada ka matso". Kwafin da aka ɗauki murya a kansa shi za a fitar. Kada kuma ku haɗa fim ɗaya daga wurare biyu. Finafinan Sin sukan fito da yankan talabijin da wani yankan daban, wasu na Koriya kuma daga wajen 2017 an riƙa raba kashi ɗaya gida biyu saboda talla, mai 16 ya koma 32. Wanda ya ɗebo rabi nan rabi can zai sayar da maimaici da giɓi.

Ƙato ɗaya yana maƙale murya yana yin sarauniya da kuyangarta da jariri, wannan ya isa haka. Maza biyu da mata biyu shi ne mafi ƙaranci, kuma wanda ya fara yi wa jarumi murya shi zai kai shi ƙarshe. In ɗan wasa yana magana da karin harshen wani yanki, kamar 'yan Koriya ta Arewa a Crash Landing on You, kuna iya ba shi Sakkwatanci ko Katsinancin ƙauye, amma kada ya zama kullum wawa ne ke samun karin harshe. Sannan ku bar shiru ya yi aikinsa. Uwa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bayan ɗanta daƙiƙa ashirin ba ta ce komai ba, a nan ne mai kallo ke share hawaye. In kun cike wurin da barkwanci ko lambar wayar shago, kun karɓi kuɗinsa kun hana shi abin da ya saya.

Masu turi, naku gajere ne. MP4 mai H.264 da sautin AAC kowace waya tana buɗe shi, H.265 kuwa ya fi ƙanƙanta amma tsofaffin wayoyi sukan ba da murya babu hoto. Kashi mai minti 45 a 360p yana cin wajen mega 135, a 480p wajen 270, wato fim mai kashi 70 giga 9 da rabi ne ko 19. Ku faɗa wa mai saye kafin a fara, kada a kai kashi na 40 memori ya cika. Lamba ta fara da 01, 02, 03, in ba haka ba waya za ta jera 1, 10, 11, ta kai mutum ga mutuwar jarumi kafin aurensa. Kada a haɗe kashi da yawa a fayil guda, memorin da ke kan FAT32 ba ya karɓar abin da ya kai giga 4. Akwai jabun memori mai rubutun giga 32 da cikinsa bai kai haka ba, zai nuna ya karɓa, a je gida a tarar fayil ba ya buɗuwa, don haka ku buɗe kashin farko da na ƙarshe a wayar mai ita kafin ta bar shagon. Ku riƙe uwar kwafi guda, daga ita ake turawa, don duk matsewa tana rage hoto. Mai sa rubutun Hausa a ƙasan allo ya ajiye shi a UTF-8, layi biyu, kowanne kada ya wuce harafi 42. In ƙugiya ta faɗi, ɓata ta koma bata, ƙafa ta koma kafa.

Waɗannan finafinai suna da masu su. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta sa fassara cikin abin da sai da izinin mai abu, kuma ganin kamfani ya sa fim ɗinsa kyauta a YouTube ba izinin ɗora masa murya a sayar ba ne, shi ya sa ake wayar gari a ga an rufe tashar da aka yi shekara ana ginawa. Mutum ɗaya ba zai iya neman lasisi ba, ƙungiya tana iyawa. Cibiyar Al'adun Koriya tana Abuja tun 2010, tana koyar da harshen. Baƙaƙensu da Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443, waɗanda ake amfani da su a yau guda 24 ne kacal, mai himma zai iya haɗa su cikin mako guda, ko don ya karanta suna da lambar kashi da kansa. Sashen Hausa na Rediyon Sin kuma tun 1963 yake furta sunayen Sinawa da bakin Hausa, ku saurara ku ji yadda suke yi.

Abin da muke roƙo a fara da shi ba ya cin kuɗi. Ku zauna wuni ɗaya, masu fassarar Katsina da na Daura, ku gayyato malami ɗaya daga sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da dattijo ɗaya da ya san fada, ku tsayar da kalmomi 200 da kowa zai riƙa amfani da su, a buga a takarda a manna a bangon kowane sitidiyo kusa da makirfo. Shafin farko na kiran dangi, na biyu na sarautu, na uku na matan fada, na huɗu na awo da lokaci, na biyar na abin da ba za a sa wa sunan Allah ba.

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman Hausa da ma'aikatan ɗaukar murya, Katsina.